Tsakanin Bayan Kanta da Zauren Kotu: Neman Diyya Kan Kamun Zalunci da Ƙarar Ƙeta a Dokokin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan hanyoyin da doka ta buɗe wa mutumin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba, ko aka gurfanar da shi gaban kotu don ƙeta, domin ya nemi diyya. An dubi sashe na 35 da na 46 na Tsarin Mulkin 1999, da ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan'adam na 2009, da wasu hukunce-hukuncen manyan kotuna, sannan aka waiwayi yadda kotunan Amurka suka ɓullo wa lamarin. Maƙalar ta nuna cewa iyakar da ke tsakanin laifukan biyu ita ce lokacin da alƙali ya sa hannu a kan takardar tsarewa, kuma a daidai wannan iyaka ne masu jiran shari'a, waɗanda suka fi kowa cutuwa, suke rasa kafar neman haƙƙinsu.

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin Kano da Kaduna da Sakkwato, abu ne sananne cewa wanda ya gaji da bin bashi yakan garzaya caji ofis. Da ya isa can sai bashin ya canza suna, ya koma cin amana ko zamba cikin aminci, mai bin bashi ya zama mai ƙara, wanda ake bi kuma ya kwana a bayan kanta har sai danginsa sun harhaɗa wani abu. Haka rikicin gona da na gado da na filin gini suke rikiɗewa su zama zargin sata ko barazanar kisa. Idan ƙura ta lafa aka saki wanda aka kama, yawanci abin da ke biyo baya shi ne jaje da "Allah ya isa", sai a bar wa Allah. Kaɗan ne suke sanin cewa kwanan nan da aka yi a tsare haƙƙi ne da doka ta ce a biya da kuɗi da kuma neman afuwa a bainar jama'a.

Sai dai sanin haƙƙin bai wadatar ba. Ƙofofin da ake bi a neme shi sun bambanta, kowace da sharuɗɗanta, kuma wanda ya shiga ta ƙofar da ba tasa ba zai iya shafe shekaru a kotu a ƙarshe a kori ƙararsa ba tare da an taɓa gundarin maganar ba.

2.0 Laifuka Biyu da Hausa Ta Haɗe Wuri Guda

A bakin Bahaushe, duk wanda aka kama alhali bai yi komai ba "an yi masa sharri" ne, ko "an ƙulla masa", ko "an yi masa ƙage". Waɗannan kalmomi suna duban zuciyar wanda ya ƙulla abin. Dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila kuwa ta raba lamarin gida biyu, kuma ma'auninta shi ne hannun wa ya rufe ƙofar.

Na farko shi ne tauye wa mutum 'yancin tafiya inda ya so ba tare da izinin doka ba, wanda a nan za a kira shi kamun zalunci. Ba lallai sai an sa ankwa ko an kulle ɗaki ba. Ɗan sandan da ya ce wa mutum ya zauna a kan benci kada ya motsa ya tsare shi, muddin babu wata mafita da aka bar masa. Muhimmin abu a nan shi ne nauyin kawo hujja: da zarar mai ƙara ya tabbatar da cewa an tsare shi, to ya rage ga wanda ya tsare shi ya nuna dalilin da doka ta yarda da shi. Mai ƙara ba ya buƙatar nuna cewa an yi masa haka don ƙiyayya.

Na biyu shi ne amfani da kotu a matsayin makami, wato a sa a gurfanar da mutum kan laifin da babu dalilin zarginsa da shi, don wata manufa da ba neman adalci ba. Shi ne za a kira ƙarar ƙeta. Tun a shekarar 1698, a shari'ar Savile da Roberts, kotun Ingila ta amince cewa irin wannan ƙara tana cutar da mutum ta fuska uku: mutuncinsa da jikinsa da aljihunsa. A nan nauyin hujja kacokan yana wuyan mai neman diyya.

Abin da ya raba su an fayyace shi a shari'ar Austin da Dowling ta 1870. Idan wani ya kai ƙara gaban alƙali, alƙalin ya saurara ya ba da umarnin a tsare wanda ake zargi, to tsarewar ta zama aikin alƙali, domin hankalinsa da hukuncinsa sun shiga tsakanin mai ƙara da ƙofar kurkuku. Daga wannan lokaci ba a cewa mai ƙarar ya yi kamun zalunci, sai dai a neme shi da ƙarar ƙeta. Alƙalin kuwa doka ta ba shi kariya a kan abin da ya yi a bisa kujerarsa. Wannan ƙa'ida mai shekara fiye da 150 ita ce ginshiƙin matsalar da za a zo kanta a gaba.

Yana da kyau a lura cewa tunanin hukunta mai ƙarar ƙarya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman Malikiyya, kamar Ibn Farhun a cikin Tabsiratul Hukkam, sun kasa waɗanda ake tuhuma kashi uku: wanda aka sani da kirki, da wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Game da na farko, ba a tsare shi don tuhuma kawai, har ma akwai maganar a ladabtar da wanda ya tuhume shi don kare mutuncin mutanen kirki. Bambancin shi ne fikihu ya fi karkata ga horon mai ƙage, ita kuwa dokar Ingila ta fi karkata ga cika aljihun wanda aka yi wa. Kalmar "diyya" da jaridun Hausa suke amfani da ita ga wannan biya aro ce daga babin jini da raunuka, an faɗaɗa ma'anarta, kuma da wannan faffaɗar ma'ana aka yi amfani da ita a nan.

3.0 Tanadin Tsarin Mulki

Babin haƙƙoƙin ɗan'adam ya shigo tsarin mulkin Nijeriya ne ta hanyar shawarar Hukumar Willink ta 1958, wadda aka kafa don duba fargabar ƙananan ƙabilu gabanin samun mulkin kai, kuma an kwaikwayo shi daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta 1950. A Tsarin Mulkin 1999 shi ne babi na huɗu, sashe na 35 kuma shi ne ya shafi 'yancin walwala.

Sashen bai hana kamu ba. Ya yarda a kama mutum idan akwai zargi mai tushe cewa ya aikata laifi, wato zargin da mai hankali zai yarda da shi idan aka shimfiɗa masa abin da ɗan sanda ya sani a lokacin kamun. Amma ya gindaya sharuɗɗa. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin sa'a 24, kuma da harshen da yake fahimta. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata ya ja hankalin masu nazarin Hausa, domin a caji ofis-ofis na Arewa da Hausa ake tambaya, da Hausa ake amsawa, amma da Ingilishi ake rubuta jawabin da mutum zai dangwala wa yatsa, kuma sau da yawa mai tambayar shi ne tafintan. Sai kuma batun lokaci: dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu kuwa kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da yanayin. Idan aka yi wata biyu yana tsare ba a yi masa shari'a ba, to a sake shi, ko da sharaɗi ko babu.

Ƙaramin sashe na 6 shi ne ya yi maganar biya, inda ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ya cancanci diyya da neman afuwa a fili daga hukuma ko mutumin da abin ya rataya a kansa. A shari'ar Jim-Jaja da Kwamishinan 'Yan Sandan Jihar Ribas, wadda ta fito a rahotannin shari'a na 2013, Kotun Ƙoli ta ce muddin an tabbatar da tauye 'yancin, diyya ta wajaba ko da mai ƙara bai ambaci adadi ba, ta kuma yanke masa naira miliyan 2.

Hanyar neman wannan haƙƙi sashe na 46 ne ya buɗe ta, ya ce a tafi Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ƙa'idojin farko na bin wannan hanya an yi su ne a 1979, kuma ba a daɗe ba aka gwada su a Arewa, lokacin da gwamnatin tarayya ta kwashi Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, ta tsallakar da shi Chadi a Janairun 1980 bisa da'awar cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Babbar Kotu a Maiduguri ta rushe korar ta kuma ba shi diyya. Amma waɗancan ƙa'idoji suna da tarnaƙi: sai an nemi izinin kotu kafin a shigar da ƙara, kuma cikin wata 12. Sababbin ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Disamba 2009, sun kawar da neman izinin, sun ce babu wa'adin da zai kashe irin wannan ƙara, sun kuma yarda wani ya shigar da ita a madadin wanda ke tsare. Da takardun rantsuwa ake yin ta, ba sai an jera shaidu ba, shi ya sa ta fi ƙarar yau da kullum sauri.

Tarko guda ya rage a wannan hanya. Kotun Ƙoli, a shari'o'in da suka biyo bayan tuɓe Sarkin Muri Alhaji Umaru Abba Tukur a 1986, ta tsayar da cewa sai idan tauye haƙƙin ɗan'adam shi ne uwar ƙarar za a bi wannan hanya. Idan ainihin rigimar ta sarauta ce ko ta fili ko ta kwangila, haƙƙin kuma ɗan rakiya ne kawai, to kotu ba za ta saurare ta a wannan siga ba. Saboda haka ne mai neman diyya kan ƙarar ƙeta ya fi samun kwanciyar hankali idan ya bi doguwar hanya ta sammaci da shaidu.

Dokokin da suka biyo baya sun ƙara toshe wasu kafofi. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, a sashe na 7, ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, al'adar nan ta a tafi da uba ko mata har sai mai laifi ya kawo kansa. Sashe na 8 ya haramta kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Jihar Kaduna ta yi tata irin dokar a 2017, Kano a 2019, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta maimaita haramcin. Tun kafin nan ma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa a shari'ar McLaren da Jennings ta 2003 cewa karɓar bashi ba ya cikin aikin ɗan sanda.

4.0 Sharuɗɗan Ƙarar Ƙeta

Shari'ar da lauyoyin Nijeriya suka fi dogara da ita a wannan babi ita ce ta Balogun da Amubikahun, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Balogun lauya ne, yana rigimar fili da Amubikahun. Sai ya kai rahoto ga 'yan sanda cewa abokin rigimar tasa ya yi hayar wata mata don ta kashe shi ta kuma sace masa kaya. Aka kama su, aka gurfanar da su gaban majistare. Ana cikin shari'a matar ta fasa ƙwai, ta ce kitsa mata maganar aka yi. Kotu ta sallami Amubikahun ta wanke shi, shi kuma ya juyo ya nemi diyya. Hujjar Balogun ita ce shi rahoto kawai ya kai, 'yan sanda ne suka gurfanar. Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan, ta ce wanda ya ƙirƙiri zargi ya kuma tanadi mai shaidar zur shi ne ainihin mai gurfanarwa, ko da sunan Kwamishinan 'Yan Sanda ne a kan takarda.

Hukuncin ya jaddada abubuwa huɗu da mai neman diyya zai tabbatar: cewa wanda yake ƙara ne ya tayar da shari'ar laifin, cewa shari'ar ta ƙare ba a same shi da laifi ba, cewa babu dalili mai tushe tun farko, da cewa an yi ta da mugun nufi. Rashin ɗaya ya rushe sauran.

Sharaɗin farko ne ya fi jawo gardama, domin doka ba ta son ta tsorata mutane su daina kai rahoton laifi. A shari'ar Fajemirokun da wani bankin kasuwanci, ta 2009, Kotun Ƙoli ta ce kai rahoto haƙƙin ɗan ƙasa ne, abin da 'yan sanda suka yi da rahoton kuma nasu ne, sai fa idan an nuna cewa da mugun nufi aka kai shi. Ke nan akwai tazara tsakanin wanda ya ce "an fasa mini shago, ina zargin wane" ya koma gida, da wanda ya kawo mota, ya nuna gida, ya zauna a caji ofis yana hana beli. A Arewa akwai wani abin da ke sauƙaƙa wannan sharaɗi, wato ƙarar kai-tsaye, inda mutum kan tsallake 'yan sanda ya rubuta ƙorafin laifi zuwa ga majistare ko alƙali da kansa. Wanda ya bi wannan hanya ba shi da bakin cewa wani ne ya gurfanar.

Mugun nufi a nan bai tsaya ga ƙiyayya ba. Duk wata manufa da ba ta kai mai laifi gaban shari'a ba ta shiga ciki, kamar tilasta biyan bashi, ko kawar da abokin takara, ko sa mutum ya janye daga rigimar gado. Wahalar ita ce nufi a zuci yake. Ba kowa ne zai yi sa'ar Amubikahun ba, a ce mai shaidar da aka saya ta tona asiri a gaban alƙali. Kotuna kan hakaito mugun nufi daga rashin dalili, amma ba sa hakaito rashin dalili daga mugun nufi: wanda ya tsani maƙwabcinsa, ya kuma gan shi da akuyarsa da ta ɓata, yana da dalilin kai ƙara duk da ƙiyayyar.

Sharaɗi na biyu kuma yana da wata matsala da ta shafi lafazi. Hausar jarida takan ce "an sallame shi kuma an wanke shi", kuma kalmomin biyu ba ɗaya ba ne a doka. Wankewa hukunci ne cewa ba a tabbatar da laifi ba, ba za a sake tuhumarsa a kansa ba. Sallama kuwa tana iya zama don mai gabatar da ƙara ya daina zuwa, ko fayil ya ɓata, ko Antoni Janar ya janye. Asalin ƙa'idar Ingila ita ce ya isa a ce shari'ar ta ƙare ba tare da an same shi da laifi ba. Amma da yake hukunce-hukuncen Nijeriya kan ambaci sallama da wankewa a haɗe, lauyan wanda ake ƙara yakan samu abin kamawa ya ce sallama kaɗai ba ta isa ba. Mafi yawan ƙararrakin ƙage kuwa da sallama suke mutuwa, domin wanda ya ƙulla su ba ya son a kai ga yi wa shaidunsa tambayoyi.

5.0 Inda Ƙofofin Suke Rufewa

Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Da yawansu sun shiga ne ta hanya guda. 'Yan sanda sukan kai wanda ake zargi da babban laifi, kamar fashi da makami ko kisan kai, gaban majistare alhali kowa ya san ba shi da hurumin yin wannan shari'a. Majistare ba ya tambayarsa ko ya amsa laifi, ba ya iya ba shi beli, sai ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan yari har a sami shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Shawarar tana iya ɗaukar wata uku, tana iya ɗaukar shekara biyar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sha yin tir da wannan tsari, amma a 2007, a shari'ar Lufadeju da Johnson, Kotun Ƙoli ta ce dokar Jihar Legas da ta ba majistare ikon irin wannan ajiya ba ta saɓa wa tsarin mulki ba.

A dubi halin wanda aka ajiye ta wannan hanya bisa ƙage. Ba zai ci ƙarar kamun zalunci a kan shekarun da ya yi a gidan yari ba, domin umarnin alƙali ya shiga tsakani. Abin da zai iya nema a nan bai wuce kwanakin da ya yi a caji ofis kafin a kai shi kotu ba. Ba zai shigar da ƙarar ƙeta ba, domin shari'arsa ba ta ƙare ba, hasali ma ba a fara ta ba. Idan ya juya ga wa'adin wata biyu na sashe na 35, sai ya tarar ƙaramin sashe na 7 ya cire waɗanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya. Wanda ya iya ƙulli ya san haka, shi ya sa rigimar babur kan zama fashi da makami a takardar rahoton farko. Abin mamaki shi ne wanda ya kwana uku a bayan kanta ya fi wanda ya shekara uku a kurkuku sauƙin samun diyya.

Misalai biyu sun isa su nuna tazarar. An tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ranar 9 ga Maris 2020, aka kai shi Jihar Nasarawa aka killace a garin Awe. Ranar 13 ga watan, wato bayan kwana huɗu, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba da umarnin a sake shi, a Nuwamban 2021 kuma ta ce korar da tsarewar haramtattu ne, ta yanke masa naira miliyan 10 da neman afuwa a jaridu biyu. Babu alƙalin da ya sa hannu a tsarewarsa, don haka ƙofar tsarin mulki a buɗe take, ga kuma manyan lauyoyi. Sikiru Alade kuwa, mai sana'ar gyaran jikin mota a Legas, an kama shi a Maris 2003, majistare ya tura shi Kirikiri, daga nan aka manta da shi. Sai da maganarsa ta kai Kotun ECOWAS, wadda a Yunin 2012 ta ce tsarewar ta saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, ta ba da umarnin a sake shi a biya shi naira miliyan 2.7. Shekara tara ke nan, kuɗin kuma bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka yanke wa mai kwana huɗu ba.

Dokar 2015 ta yi yunƙurin gyara. Ta kayyade ajiyar farko da kwana 14, ana iya sabuntawa da wasu 14 bisa dalili, daga nan sai kotu ta kira hukumomin da abin ya shafa su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. Sashe na 34 ya ɗora wa manyan majistarori ziyartar caji ofis-ofis duk wata su duba waɗanda ke tsare. Wannan tanadi yana rage tsawon zama idan an bi shi, amma bai amsa tambayar wa zai biya ba idan ba a bi shi ba.

6.0 Yadda Amurka Ta Ɓullo wa Lamarin

Amurka ma daga Ingila ta gaji waɗannan laifuka biyu, kuma ta yi karo da wannan iyaka. Can ana shigar da ƙara ne a ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1871, wadda aka fi sani da sashe na 1983, da aka yi ta bayan yaƙin basasa don kare baƙaƙen fata daga jami'an jihohin kudu. Ta daɗe a kwance har sai da Kotun Ƙoli ta farfaɗo da ita a 1961, a shari'ar Monroe da Pape, bayan 'yan sandan Shikago 13 sun kutsa gidan wani mutum da asuba babu takardar izini.

Hukunce-hukunce biyu na baya-bayan nan sun taɓa matsalar da aka bayyana a sama. A 2017, a shari'ar Manuel da birnin Joliet, an tsare mutum kwana 48 a kan ƙwayoyin da gwaji ya nuna ba haramtattu ba ne, kuma alƙali ne ya amince da tsarewar bisa bayanin ƙarya da 'yan sanda suka ba shi. Kotun Ƙoli ta ce sa hannun alƙali ba ya wanke tsarewar da aka gina kan ƙarya, mutumin yana iya neman haƙƙinsa a ƙarƙashin gyara na huɗu na tsarin mulki. A 2022 kuma, a shari'ar Thompson da Clark, alƙalai shida cikin tara suka ce mai ƙarar ƙeta ba ya buƙatar nuna cewa an wanke shi, ya isa a ce shari'ar ta ƙare ba a same shi da laifi ba. Dalilinsu mai sauƙi ne: idan aka ce sai an wanke, to wanda tuhumarsa ta fi rauni, har mai gabatar da ƙara ya jefar da ita tun kafin zama, shi ne zai rasa diyya.

Ba a ce can aljanna ba ce. Tun 1976 masu gabatar da ƙara suke da cikakkiyar kariya daga biyan diyya kan aikinsu na kotu, ɗan sanda kuma yana kuɓuta idan bai taka wata ƙa'ida da aka riga aka fayyace ƙarara ba. Dokar Nijeriya ba ta ba ɗan sanda irin wannan garkuwa ba, kuma tsarin mulkin Amurka ba shi da sashen da ya ambaci diyya da neman afuwa ɓaro-ɓaro kamar sashe na 35. A takarda, ɗan Nijeriya ya fi samun tanadi. Abin da kotunan Nijeriya za su iya ara shi ne hujjar Manuel, wadda ma ta yi daidai da ruhin hukuncin Balogun: alƙalin da aka ciyar da ƙarya bai yi amfani da hankalinsa ba, an yi amfani da shi ne.

7.0 Bayan An Ci Shari'a

Ko an yi nasara, da sauran rina a kaba. Wanda ya bi hanyar sammaci a kan jami'in gwamnati zai fara cin karo da Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda asalinta na 1916 ne, da ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, ko da yake kotuna sun ce ba ta kare wanda ya yi aiki da mugun nufi ko ya fita daga hurumin ofishinsa. Mutumin da ya fito daga kurkuku ba sana'a, ba jari, wataƙila ba iyali, da wuya neman lauya ya zama abin da zai fara yi a wata ukun farko.

Sai kuma karɓar kuɗin. Hanyar da aka saba ita ce a nemi kotu ta umarci bankin da ke riƙe da kuɗin hukumar ya cire ya biya. Amma sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu ya ce idan kuɗin yana hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na jami'i, sai an sami amincewar Antoni Janar, wanda sau da yawa shi ne lauyan ɓangaren da aka kayar, ko ma yana cikin waɗanda aka yi ƙara. Tun da aka tattara kuɗaɗen hukumomin tarayya a asusun bai-ɗaya a Babban Banki a 2015, gardamar ko bankin "jami'in gwamnati" ne ta zama wata shari'ar mai zaman kanta da kan biyo bayan ta farko. Wannan ne ya sa lauyoyi suke dagewa su haɗa da mutumin da ya kai rahoton a cikin waɗanda ake ƙara, domin shi asusunsa da gidansa babu wanda za a nemi izininsa kafin a taɓa su. Sakamakon haka shi ne ɗan kasuwar da ya sa aka yi kamun yakan biya, hukumar da ta yi kamun da hannunta kuwa takan sha.

Akwai wani tanadi da bai samu kulawar da ta kamace shi ba. Sashe na 323 na dokar 2015 ya ba kotun da ke sauraron shari'ar laifi ikon ta umarci wanda ya sa aka yi kamu ya biya diyya nan take, idan ta ga babu isasshen dalili ko zargin ƙarya ne ko na neman fitina. Ba a buƙatar sabuwar ƙara, ko kuɗin rajista, ko jiran shekaru, kuma alƙalin da ya ga shaidun da idonsa shi ne zai yanke. Sashen da ke biye ya bar wa wanda aka cuta zaɓi: yana iya ƙin karɓa ya tafi Babbar Kotu neman abin da ya fi yawa, amma idan ya karɓa, maganar ta ƙare a nan. Ga mai facin da aka tsare mako biyu a kan bashin naira dubu 50, wannan ce hanyar da ta yi daidai da ƙarfinsa, in har akwai wanda zai tashi a kotu ranar sallama ya roƙi majistare ya yi amfani da ita.